Wasiyya biyu a daren Uhudu: bashi da ƙanne mata

Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa.

Kwanakin baya na je gaisuwar rasuwa a unguwarmu. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana ta addu'a, sai wani dattijo ya miƙe ya yi sanarwar da aka saba: duk mai bin mamaci bashi ya sami babban ɗansa. Na ɗaga kai na dubi yaron. Bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba, idanunsa sun kaɗa sun yi ja, daga cikin gida kuma ana jiyo kukan ƙannensa mata. Tun daga ranar zuciyata take komawa kan wani sahabi da aka ɗora wa irin wannan kaya bai ma kai shekarun yaron nan ba: Jabiru ɗan Abdullahi ɗan Amru ɗan Haram, Allah Ya ƙara musu yarda shi da mahaifinsa.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ji "daga Jabir" ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, domin hadisi 1,540 aka ƙirga masa. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, mutumin nan manomin dabino ne, kuma tsohon mayaƙi. Shi da bakinsa ya ce ya fita yaƙi tare da Manzon Allah (SAW) sau 19. Tsakanin wannan fita da waccan kuma yana cikin gonarsa yana ban ruwa.

Ba'ansare ne, daga Banu Salima na ƙabilar Khazraj. Unguwarsu na nesa da masallacin Annabi, har suka taɓa shirin tasowa su dawo kusa, Manzon Allah ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu takunsu. Mahaifinsa Abdullahi na cikin wakilai 12 da aka zaɓa a mubaya'ar Aƙaba ta biyu, kuma ya tafi da Jabir wurin yana ɗan saurayi. Amma da aka zo Badar, aka zo Uhudu, sai uban ya hana shi fita. Gidan cike yake da 'yan mata, wata ruwaya ta ce bakwai, wata ta ce tara, dole a bar musu namiji.

A daren da za a wayi gari a yi Uhudu, cikin Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, uban ya kira ɗansa. Ya ce masa yana ji a jikinsa yana cikin farkon waɗanda za a kashe, kuma in ban da Manzon Allah, ba zai bar wani a bayansa da ya fi soyuwa gare shi kamar Jabir ba. Sannan ya ce: "Akwai bashi a kaina, ka biya. Kuma ka riƙe 'yan uwanka mata da alheri." Iyakar wasiyyar ke nan. Gari na wayewa shi ne na farkon wanda ya faɗi.

Mushirikai sun yi wa gawarsa wulaƙanci. Jabir na yaye mayafin da aka rufe ta yana kuka, mutane na hana shi, gwaggonsa Faɗima 'yar Amru ita ma tana kuka, sai Manzon Allah ya shaida musu cewa mala'iku ba su daina yi masa inuwa da fukafukansu ba har aka ɗauke shi. An binne shi kabari ɗaya da wani, ran Jabir bai kwanta ba, bayan wata shida ya tono shi ya yi masa nasa kabarin, ya tarar da shi kamar ranar da aka sa shi, in ban da ɗan wani abu a kunnensa.

Bayan kwanaki Manzon Allah ya gamu da shi ya ce: "Ya Jabir, me ya sa nake ganin ka a karye?" Ya ce: "Ya Ma'aikin Allah, mahaifina ya yi shahada, ya bar iyali da bashi." Aka yi masa bushara da cewa Allah Ya yi magana da mahaifinsa ba shamaki. Babu busharar da ta kai wannan. Duk da haka bashin yana nan bai motsa ba, kuma a nan nake son mu ɗan tsaya.

Nawa ne bashin? Wani Bayahude kaɗai yana bin wasaƙi 30 na dabino. Wasaƙi ɗaya sa'i 60 ne, sa'i kuwa shi ne mudun Annabi huɗu da muke fitar wa mutum ɗaya a zakkar fidda kai. Wato abin da za a fitar wa mutum 1,800. Nisabin zakkar amfanin gona wasaƙi biyar ne, ga shi ana bin maraya ninkinsa shida, ban da sauran masu bin bashi. Ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, aka ƙi. Ya ce su kwashe duk abin da gonar ta bayar a bana su yafe saura, suka ƙi, don sun ga ba zai kai ba. Manzon Allah da kansa ya sa baki, ba su sassauta ba.

Da lokacin yankan dabino ya yi, sai Annabi (SAW) ya ce masa ya je ya ware kowane iri daban, ajwa gefe guda, sauran ma kowanne da tarinsa. Annabi ya zo da safe ya zaga cikin itatuwan ya yi addu'ar albarka, ya zagaya tarin da ya fi girma sau uku, ya zauna a kansa, ya ce a kira masu bin bashi. Aka yi ta awo, aka yi ta awo, har kowa ya karɓi haƙƙinsa cif. Bayahuden nan ya samu 30 ɗinsa, aka yi rarar wasaƙi 17. Da labari ya kai wa Sayyidina Umar, cewa ya yi tun da ya ga Manzon Allah ya taka cikin gonar ya san za a sa mata albarka.

Mu'ujiza ce, babu shakka, kuma ita masu wa'azi suka fi tsayawa a kai. Ni abin da ya fi taɓa ni wata magana ce da Jabir ya yi a tsakiyar labarin. Ya ce wallahi ya yarda Allah Ya sauke amanar mahaifinsa ko da zai koma wurin ƙannensa babu ƙwayar dabino ɗaya a hannunsa. Tun kafin ya ga albarkar ya riga ya sallama gonar shekara guda sukutum. Da wannan niyyar ya ware dabinon, da ita ya kira masu awo.

Mu fa? Sanarwar nan ta bakin kabari ta zama al'ada kawai a gidaje da yawa. A faɗa da baki, amma ranar da mai bin bashi ya yi sallama da 'yar takardarsa sai fuska ta canja, a ce ina shaida, a ce ba shi da tausayi, a ce ya jira a raba gado. Alhali ayoyin gado na Suratun Nisa'i sun maimaita cewa rabo sai bayan wasiyya da bashi. Ya tabbata cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Jabir ɗin nan ma shi ya ba da labarin gawar da aka kawo ana bin ta dinari biyu, Manzon Allah ya ja da baya bai yi mata salla ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, kuma ya riƙa tambayarsa, ranar da ya ce ya biya sai Annabi ya ce yanzu fatar mamacin ta yi sanyi. Dinari biyu kacal. Ɗan uwana, in kana kashe kuɗi wajen abincin sadakar uku da ta bakwai alhali mai shagon da mahaifinka ke karɓar hatsi a wurinsa bai ga kwabonsa ba, ka sake lissafi tun yau.

Sai wasiyya ta biyu. Wata rana ana dawowa daga wani yaƙi, Jabir na can ƙarshen ayari a kan raƙumin da ya gaji, ko tafiya ba ya iya yi. Raƙumin ban ruwa ne, wanda ke jawo ruwan rijiya a shayar da dabino, kuma shi kaɗai gare su. Manomin rani ya san abin da ake nufi in an ce injin ban ruwanka ɗaya ne tak. Manzon Allah ya iso gare shi, ya zunguri raƙumin ya yi masa addu'a, nan take ya wuce gaban sauran. Sannan ya ce ya sayar masa da shi. Jabir ya ji kunya ya sayar a kan uƙiya ɗaya, wani ma'aunin kuɗi na wancan zamani, da sharaɗin ya hau shi har Madina.

A cikin hirar hanya Annabi ya tambaye shi ko ya yi aure. Ya ce e. Budurwa ko bazawara? Ya ce bazawara. Annabi ya ce me ya hana ka auri budurwa, ka yi wasa da ita ta yi wasa da kai? Ku saurari amsar saurayi sabon jini: mahaifina ya rasu ya bar min ƙanne ƙanana, ban so in kawo musu yarinya irinsu ba, sai na auri wadda za ta tsaya a kansu, ta yi musu tarbiyya, ta taje musu kai. Manzon Allah ya yi masa addu'ar albarka.

Ta taje musu kai. Kalmar nan ta daɗe tana yi min yawo a zuciya. Mutumin da ke dawowa daga fagen fama, tunaninsa na kan wa zai gyara gashin marayun da ya baro a gida. Ko zaɓin matar da zai aura bai ɗauke shi nasa shi kaɗai ba.

Da suka isa Madina kawunsa ya ji ya sayar da raƙumin, ya yi masa faɗa. Da safe ya kai shi ƙofar masallaci, Annabi ya sa Bilal ya auna masa kuɗinsa ya ƙara masa ƙiraɗi ɗaya, wato ɗan ƙaramin awo na kuɗi, sannan ya ce ya tafi da kuɗin da raƙumin duka. Wannan ƙiraɗin ƙari Jabir bai taɓa kashe shi ba, yana cikin jakarsa kusan shekara sittin, har sai da rundunar Sham ta ƙwace shi a ranar Harra, ranar da ta auka wa Madina, shekara ta 63.

Ita bazawarar nan ce a yaƙin Khandaƙ, wanda aka haƙa rami don kare Madina, shekara ta 5, ta niƙa sa'i ɗaya na sha'ir, mijinta ya yanka 'yar akuyar da ke gidan, don ya ga yunwa a jikin Manzon Allah. Ya raɗa masa ya zo da mutum kaɗan, Annabi ya kira ma'abota ramin gaba ɗaya. Mutum dubu suka ci suka ƙoshi, tukunya na ta tafasa.

To, a garuruwanmu yaya ake yi da ƙanne mata? Na san gidan da uba ya rasu ya bar gonaki, yayyen maza suka ce mace ba ta noma, gidan miji za ta, suka ba kowacce ɗan abin da ba zai sayi buhun gero biyu ba, suka riƙe ƙasa. Da auren ɗaya daga cikinsu ya mutu ta dawo da 'ya'ya uku, ko ɗakin da za ta sa kanta babu. Wannan zalunci ne, ko da duk gari sun saba da shi. Jabir ya kwanta rashin lafiya har ya suma, Manzon Allah da Sayyidina Abubakar suka tako da ƙafa har Banu Salima suka duba shi, da ya farfaɗo tambayar da ya yi ita ce yaya zai yi da dukiyarsa, ga shi yana da 'yan uwa mata. Hukuncin gado ya sauka a kan wannan tambaya. Kuma shi ne ya ruwaito cewa wata 'yar uwar mahaifiyarsa da aka saka ta fita za ta yanki dabinonta, wani mutum ya tsawata mata, Annabi ya ce ta je ta yanki abinta, wataƙila ta yi sadaka ko wani alheri. Dabinonta, gonarta. A Madinar Manzon Allah ke nan.

Ban yi mamaki ba da na lura hadisan noma da yawa ta bakinsa suka zo mana, domin mai sana'a shi ya fi kiyaye abin da aka faɗa a kan sana'arsa. Daga gare shi aka ji cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Daga gare shi aka ji cewa mai ƙasa ya noma ta, ko ya ba ɗan uwansa ya noma. Daga gare shi aka ji cewa babu musulmin da zai dasa itace face abin da aka ci sadaka ne gare shi, abin da aka sata sadaka ne, abin da dabba da tsuntsu suka ci sadaka ne. Shi ma ya ga shekarar da dabinonsa ya ƙi haihuwa alhali ya ci bashi zai biya da kaka, a gonarsa ta hanyar rijiyar Ruma. A rumfar wannan gonar Manzon Allah ya kwanta ya yi barcin rana.

Allah Ya ja kwanansa. Ya sayi raƙumi ya yi tafiyar wata guda zuwa Sham don ya ji hadisi ɗaya daga Abdullahi ɗan Unaisu. Ya sami majalisin karatu a masallacin Annabi, 'ya'yansa Abdurrahman da Muhammad da Aƙilu suka ɗauka daga gare shi. A ƙarshe idanunsa suka tafi. In ana zancen Hudaibiyya yakan ce mu 1,400 ne a ranar, da ina gani da na nuna muku wurin bishiyar da aka yi mubaya'a a ƙarƙashinta.

Yana cikin makantar ne wasu baƙi suka shigo, ya riƙa tambayar sunayensu ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wani saurayi ya ce shi ne Muhammadu ɗan Ali ɗan Husaini. Tsoho ya miƙa hannu ya shafa kansa, ya kwance masa maɓallin riga, ya ɗora tafinsa a ƙirjinsa, ya ce: "Maraba da kai, ɗan ɗan'uwana, tambayi abin da kake so." Yaron ya ce ya ba shi labarin hajjin Manzon Allah. Jabir ya ƙirga tara da yatsunsa, wato shekarun da Annabi ya yi a Madina bai yi hajji ba, ya fara, ya ba shi labarin tun daga fitowa Madina har ɗawafi da shan Zamzam.

Ya rasu a Madina, a mafi shaharar zance shekara ta 78 bayan Hijira, yana da shekara 94. Gwamnan garin na lokacin, Abana ɗan Usman ɗan Affan, shi ya yi masa salla. Allah Ya ƙara masa yarda.