Kalmar "pandemonium" da abin da take rufewa a kanun labarai

Duk mai karanta jaridun Turanci na Najeriya ya saba cin karo da kalmar "pandemonium", mai nufin hayaniya da ruɗani, a kanun labarai, ko gobara ce ta tashi a kasuwa, ko harbi aka ji a tasha, ko kuwa 'yan majalisa ne suka bai wa hammata iska. Yawan amfani da ita yana damuna ƙwarai.

Mawaƙin Ingila John Milton ne ya ƙirƙiro ta a doguwar waƙarsa Paradise Lost, wadda aka buga a 1667, lokacin da ya riga ya makance, yana faɗa ana rubuta masa. Ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, "pan" mai nufin duka, da "daimon" wadda da farko take nufin ruhi ko iska, mai kyau ko marar kyau, kafin Kiristoci su keɓe ta ga shaiɗanu. "Pandemonium" sunan fadar Shaiɗan ne a cikin wuta. Kuma a waƙar, fadar ba wurin yamutsi ba ce: majalisa ce da manyan shaiɗanu suka zauna, kowa ya yi magana bi da bi, har suka tsayar da shawarar ɓatar da ɗan Adam. Sai daga baya, musamman a ƙarni na 19, ma'anar ta karkata zuwa hayaniya da ruɗanin da ba shi da kai.

Damuwata ita ce kalmar tana nuna mutane suna gudu suna ihu, amma ba ta faɗin abin da ya kore su. A Disambar 2024 an rasa rayuka da dama, har da yara ƙanana, wajen rabon abinci da kyaututtuka a Ibadan da garin Okija na Jihar Anambra da Abuja. Wannan turmutsutsu ne, kuma da zarar an kira shi da sunansa, mai karatu zai tambayi wanda ya tara jama'ar, da faɗin ƙofar shiga, da inda masu tsaro suke. Hausa ta bambanta tarzoma da hatsaniya, ta bambanta firgici da turmutsutsu, domin kowanne yana da sanadinsa da mai alhakinsa. Ina roƙon masu fassara labarai a gidajen rediyo su fara tantance abin da ya faru kafin su mayar da kanun jaridar Turanci zuwa "hargitsi" kawai.