Ƙofar ruwan hoda da tsoffin gidajen Edinbara

A 2022 hukumar birnin Edinbara, a arewacin Birtaniya, ta aika wa wata mata takarda: ko ta sauya fentin ƙofar gidanta daga ruwan hoda, ko ta fuskanci tarar da za ta iya kai fam 20,000. Gidanta ne, kuɗinta ne, amma a unguwar New Town yake, wadda aka zana a 1767, UNESCO kuma, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1995. Mu da ke zaune a nan mun yi dariya da farko. Daga baya abin ya tsaya mini a rai.

Irin waɗannan gidaje ne baƙi ke rububin haya idan sun zo hutu, musamman a watan Agusta lokacin bukukuwan birnin, lokacin da kuɗin kwana ke ninkawa. Gidajen dutse ne a jere, bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci, galibi hawa uku, ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Mai niyyar kamawa ya fara tambayar hawa na nawa ne, domin yawancinsu babu lif, kuma abin da suke kira hawa na farko, sai ka hau bene guda kafin ka kai shi. Idan da tsohuwa a tafiyar, nan maganar take. Ya duba lambar lasisi a tallar, don tun Oktoban 2023 ba a ba da hayar kwanaki sai da shi. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya fi araha, amma danshi da duhu ne farashinsa.

Sai sanyi. Rufin ɗaki na da tsawo ƙwarai, zafin hita kuwa sama yake tafiya ya bar ka a ƙasa. Tagogin masu zamewa sama da ƙasa ne, igiya da nauyin ƙarfe a ɓoye a gefensu ke riƙe su. Idan igiyar ta tsinke, tagar kan faɗo kan yatsa. Gilashi falle ɗaya ne, mai gida kuma ba shi da ikon sauya tagar da ta roba sai da izini. Maganinsa marufin katakon nan da ke naɗe a gefen taga: rufe shi kafin magariba, wadda a Disamba kan faɗi tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Ka zo da butarka, kuma ka yi alwala a cikin bahon wanka. Daɓen katako ne, ruwan da ya zuba zai bi tsakanin alluna ya ɓata adon rufin ɗakin da ke ƙarƙashinka, a cire daga kuɗin ajiyarka.

Gaskiya soron ƙasa mai kaurin bango ya fi wannan daɗin kwana, da zafi da hunturu. Na yarda dokar mutanen Edinbara kan wuce gona da iri, kuma su da kuɗin gyara. Amma dubi abu guda. Maginan nan ba sa cike tsakanin duwatsun da siminti, sai kwaɓin farar ƙasa da yashi, domin siminti na tsare danshi a ciki har dutsen ya riƙa marmashewa. Ainihin abin da ke kashe gidajenmu na ƙasar Hausa ke nan. A shafe tubali da siminti, ya tsage, ruwan damina ya shiga ya rasa mafita, ƙasar ta jiƙe ta ciki, wata rana ɓawon ya zubo da rabin katanga, azara ta biyo baya. Sai a ce ginin ƙasa ba ya ƙarko. Alhali yaɓen makuba, wato na ɓawon ɗorawa, da gyaran indararo kafin ruwan farko su suka riƙe gidajen kakanninmu.

Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013 da ginin ƙasa zalla. Kano kuwa, in ka cire Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, soro nawa ne baƙo zai shiga ya ga bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, da zanko a tsaye? Ganuwa an yanka ta filoti-filoti, magada na rushe zaure su tayar da shaguna, masu sana'ar rufin soro na ɗaurin guga kuma suna tsufa babu yaran da ke ɗaukar musu kwaɓi.