Riƙon maraya a Abuja: a rubuta kuɗin a bango kowa ya gani

Wata ƴar'uwata da ke zaune a Kubwa ta shekara 12 da aure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Bara ita da maigidanta suka yanke shawarar ɗaukar yaro daga gidan marayu. Na ga jakar takardunta: shaidar aure, takardar likita, bayanin asusun banki, duk gefunansu sun lanƙwashe saboda yawan ɗauka da ajiyewa. Tana cikin wannan zirga-zirga wani dillali ya ja ta gefe ya ce, "Hajiya, me ya yi zafi? In da kuɗi a hannu, sati biyu jariri na bayanki." Ta dawo gida jikinta na rawa.

Sharuɗɗan doka ba su dame ni ba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Abuja, ta ce ma'auratan da ke son ɗaukar yaro ya zama ɗansu a doka sai kowannensu ya kai shekara 25. Wanda ba shi da aure sai ya kai 35, kuma jinsinsa kawai za a ba shi. Dole mai nema ya zama ɗan Najeriya, ya girmi yaron da aƙalla shekara 21, yaron ya zauna a hannunsa wata 3 a jere kafin kotun iyali ta yanke hukunci. Rai za a damƙa maka, don haka ko an ƙara bincike ba zan yi ƙorafi ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Dokar nan ta haramta a biya ko a karɓi wani abu a madadin yaro. Abin da ya rage kuɗin lauya ne, da gwajin asibiti, da na takardun kotu. To amma ƴar'uwata duk wanda ta tambaya a unguwa sai ya faɗa mata nasa adadin, kuma a wannan duhun dillalai suke cin kasuwarsu. Gidajen da ake tara ƴanmata masu ciki ana sayar da jariransu, waɗanda hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP ke kai wa samame, da wa suke ciniki? Da yawa irin ƴar'uwata ne, mutanen kirki da gorin rashin haihuwa ya ishe su.

Akwai kuma damuwar addini, wadda ba a cika yi wa mutanenmu bayaninta ba. Suratul Ahzab ta ce a kira yara da sunan ubanninsu, don haka Musulmi ba ya sauya nasabar yaro. Riƙo kuwa halal ne mai ɗimbin lada, kuma dokar 2003 ta ware masa babi na daban. Gado ma da mafita, tunda ana iya yi wa yaron wasiyya da abin da bai wuce sulusi ba.

Roƙona ga sashen jin daɗin jama'a na Babban Birnin Tarayya shi ne ya liƙa jerin kuɗaɗen da matakan a ƙofar kowane gidan marayu mai rajista, da Hausa da Turanci, a karanta a rediyo, kuma kowace naira aka biya a ba da rasit. Ƴar'uwata har yau tana jira, jakar takardun na rataye a bayan ƙofar ɗakinta.