Lasisin talabijin a Ingila: kuɗin nan asara ne?

Wani ɗalibi sabon zuwa ya tarar an zuro masa wasiƙar lasisin talabijin ta ƙofa, ya rantse aikin 'yan damfara ne. Da aka ce masa doka ce, sai ya ce ashe Turawa ma sun iya ƙwace. Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Ba akwatin ake biya wa ba, kallon ake biya wa. Duk wanda ke kallon shiri a daidai lokacin da tasha ke watsa shi, kowace tasha ce, a talabijin ko waya ko kwamfuta, sai ya biya. Haka mai buɗe BBC iPlayer, manhajar kallon shirye-shiryen BBC a intanet, tun 2016. Mai kallon finafinan Netflix kawai babu ruwansa, in ya so sai ya shiga intanet ya sanar cewa ba ya buƙata. A Afrilun 2025 kuɗin ya koma fam 174.50 a shekara, lasisi ɗaya ya ishi gida guda. Inda ɗalibai ke rufta shi ne gidan haya da kowa ke da yarjejeniyar ɗakinsa daban: nan kowane ɗaki da nasa lasisin. Mai biya wata-wata kuma ya sani, lasisin farko cikin wata shida ake cire shi, a farashin 2025 wajen fam 29 duk wata, daga baya ya sauko zuwa 14 da ɗoriya. Makaho rabi yake biya. Wanda ya kai 75 kuma yana karɓar tallafin fansho na masu ƙaramin ƙarfi, kyauta. Wanda aka kama, tara na iya kaiwa fam 1,000, ban da kuɗin kotu.

Gaskiya akwai abin zargi. Mai shara da mai banki kuɗi ɗaya suke biya, Faransa ma ta soke nata a 2022. Amma ku kalli awa guda ta labaran BBC, tashar da kuɗin nan ke ɗaukar nauyinta, babu talla ko ɗaya, babu "godiya ga mai girma", sannan ku tuna tasharmu ta jiha. Kun san abin da nake nufi. Mu ma fa tsarin mulkin Najeriya ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin. Wa ya taɓa ganin abin da aka yi da shi?

Masu cewa mun zama 'yan amshin shatan Turawa, ga abin da ba su lissafa ba. Tun 2014 wani kaso mai yawa na kuɗin Sashen Duniya na BBC daga wannan lasisi yake fitowa, Sashen Hausa kuwa, wanda ya fara a 1957, a cikinsa yake. Dattijon da ke kan buzu bayan sallar asuba, ya kara rediyo a kunne yana murɗa eriya, ba ya biyan ko sisi. Ɗansa da ke fitowa aikin dare cikin sanyin Manchester shi ke biya masa, da yawansu ma ba su sani ba.