Zargi kawai ya isa a tsige wanda jama'a suka zaɓa?

Ni fa ban yarda da maganar da wani marubuci ya yi ba, wai da zarar an kai ƙorafi kan shugaban majalisar ƙauye a Indiya, wanda suke kira sarpanch, gwamma jami'in gundumar ya cire shi nan take don a kare kuɗin jama'a. To wa ya naɗa shi? Mutanen ƙauye ne suka zaɓe shi, wa'adin majalisar kuma shekara 5 ne tun gyaran kundin tsarin mulkinsu na 73 da aka yi a 1992, amma ma'aikaci ɗaya da ba wanda ya zaɓe shi ya zauna a ofis ya soke ƙuri'ar ƙauye guda saboda takardar da abokin hamayya ya rubuta? A ba sarpanch ɗin tuhumar a rubuce, ya ga hujjojin, a ba shi lokaci ya kare kansa, hukuncin ya fito da dalilai, a bar masa ƙofar ɗaukaka ƙara, kuma wanda ya yi binciken kar ya zama shi ne alƙali. Kai mai cewa ɓarawo ba ya buƙatar sauraro, ai ba a san ɓarawo ba ne sai an saurare shi tukuna. A 2024 ma Kotun Ƙolin Indiya ta mayar da wata mata kan kujerarta ta sarpanch a jihar Maharashtra, an cire ta ne kan zargin tana zaune a filin gwamnati ba tare da an tantance ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya har Kotun Ƙoli fa, ina zai nufa?