Wane kifi za a ƙyanƙyashe mana?

Da zarar an ce kifi ya yi ƙaranci a gulbin Rima, sai ka ji ana cewa gwamnati ta farfaɗo da wuraren ƙyanƙyasa, a kwashi 'ya'yan kifi a zuba a madatsar Goronyo ko tafkin Kware. Ni ban ƙi ba, jama'a. Amma wane kifi?

Galibin masu ƙyanƙyasa a ƙasar nan tarwaɗa suke fitarwa, don ita ce mai sauƙin sha'ani. A yi wa macen allurar da ke sa ƙwai ya nuna, a matse ƙwanta, a yanka namijin a gauraya da ruwansa, kwana ɗaya ƙwai ya fashe. Wannan 'yan kasuwa ma suna yi, kuma sun fi ma'aikatan gwamnati zafin nama. To giwan ruwa fa? Yauni, bargi, kurungu da ragon ruwa fa? Ba ɗan kasuwar da zai zuba kuɗinsa a kansu don ya saki a gulbi. Nan ne aikin gwamnati yake: ta kamo iyaye daga ruwanmu, ba a ɗauko irin da ake kiwo a tanki daga kudu a cakuɗa mana ba, ta nemi ƙwararrun cibiyar binciken kifi ta New Bussa su taya ta.

Sannan a tuna yadda kifi ke haihuwa. Ruwan damina ne ke malala cikin fadama, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a ciyawa, 'ya'yan su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, Goronyo ta biyo baya, malalar nan ta ragu ƙwarai. Ga masu jan gidan sauro a madadin taru, suna kwashe har wanda bai kai ɗan yatsa ba. Masu zuba guba kuwa, Allah ya shirye su. Ka zuba 'ya'yan kifi a irin wannan ruwa, ɗiban ruwa da kwando kawai ka yi.

Maƙwabtanmu na Argungu ba da allura suke tara manyan kifayen gulbin Matan Fada ba. Sarkin Ruwa ne ke hana shiga sai lokacin biki, kuma ana jin maganarsa. Mu ma muna da sarakunan ruwa. Kafin a saki ko kifi ɗaya a Goronyo, a zauna da su a tsayar da watannin damina da ba mai jefa taru, a kuma ba masunta abin riƙe gida a watannin, don mai yunwa ba ya jiran kifi ya girma.