Gudawa da maganin da muka raina

Jama'a, a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya gudawa na kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da dubu 400 duk shekara. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da yawa daga cikinsu ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe su, kuma maganin wannan, wato ruwan gishiri da sukari, ba shi da tsada.

Hanyar kamuwa ba daɗin faɗa, amma a faɗa: kashin wani ne ke isa bakin wani, ta ruwan sha, ko hannun da ba a wanke ba, ko ƙudan da ya tashi daga masai ya sauka a abinci. Haka rotabairus (bairus mai sa yara gudawa) da kwalara da ƙwayoyin atuni suke yawo. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba, norobairus, wani bairus mai sa amai da gudawa, na kwantar da mutane a asibitoci da jiragen ruwa na yawon shaƙatawa. Sai dai can a warke, inda babu tsaftataccen ruwa kuwa a binne yaro.

A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Dakta Dilip Mahalanabis ya sa dangin marasa lafiya su riƙa ɗura musu ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Dalili? Ko hanji na zubar da ruwa, sukari na jan gishiri ya shiga jini, ruwa ya bi bayansa.

To amma har yau, yaro na fara gudawa sai a ruga neman kafso ko allura, wai sai su ne magani na gaske. A ganina araha ce ta jawo wa ruwan nan raini. Alhali maganin kashe bakteriya ba ya taɓa bairus ko kaɗan, shansa barkatai kuma ƙara wa ƙwayoyin cuta taurin kai yake yi. Wasu har nono suke hana yaro don kada cikin ya ƙara tsurewa. Subhanallahi! Lokacin ne ma ya fi buƙatarsa, tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14.

In an ga jini a bahaya, ko ido ya zurma, ko yaro ya kasa sha, wannan kam sai asibiti, ana tafe ana ba shi ruwan a hanya.